Shekarar da Iya Ta Kai Kanta Gaban Alƙali

Bilki ce ta tono mini wannan zance, ran da ta zo hutu daga jami'a ta zauna tana taya ni gyaran zogale. Wai suna karatu a kan abin da ya sa maza suka cika gidajen yari, mata kuwa sai ɗaiɗai. Ta jero mini dalilai, wai tarbiyya, wai zaman gida, wai tsoro, wai taushin zuciya. Na ce mata duk na ji, amma in ta koma ta tambayi malaman nata ko sun san akwai garin da mace za ta miƙe ta ce ita ta yi laifi, a kwashe da dariya a ce ta koma gida. Sai yarinyar nan ta yi ƙasa da murya.

"Inna, wai da gaske ne kakarmu ta yi zaman gidan yari?"

Ashe ku 'ya'yana kun sani. Ashe kun daɗe kuna ji a bakin mutane kuna haɗiyewa, kowa na jin nauyin tambayata. To ku buɗe kunnuwanku: gaskiya ne, ta yi. Ni na raka ta har bakin mota da goyo a bayana, kuma tunda Allah ya halicce ni ban taɓa tsayawa kusa da mutum na ji ni ba komai ba ce kamar a wannan rana ba. Zan rubuta muku yadda na gani, da wannan karkataccen rubutun nawa na ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya kasa karantawa ya nemi tabarau, kada ya dame ni.

Shekarar babban fari ce, lokacin da aka sauya kuɗi mutane na ta rikicewa da naira. Ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta gama fitar da kai ba, auduga ta tsaya iya gwiwa ta ƙi gaba. Mu nan tsakanin Kafur da Malumfashi ba mu sha irin wuyar mutanen arewa ba, waɗanda suka riƙa gangarowa da jakuna da 'ya'ya, amma mun sha tamu. Kafin wata daminar ta kankama rumbuna sun yi fayau. Aka koma tafasa da rama da dusa, mai ɗan hali ya sayi garin rogo wurin 'yan kudu a kasuwa. A cikin wannan hali na haifi babban wanku, kun dai san ba na kiran sunansa. Ba a yi nisa da suna ba nonona ya ɗauke. Yaro ya kama, ya ja, ya saki, ya yi wani irin kuka marar ƙarfi. Ba ni kaɗai ba ce kuwa, masu jegon garin duk haka muke.

Iya, mahaifiyar babanku, ita ce ungozomar gari. Ku cire hoton wata ƙatuwar mace daga ranku, 'yar mitsitsiya ce, ba ta kai kafaɗata ba, ƙafafunta kamar sillen kara. Amma in ta yi gyaran murya a tsakar gida har akuya sai ta daina tuƙa. Rabin mazan garin ita ta yanke musu cibiya, saboda haka babu zauren da ake tsayar da ita, babu ɗakin da ba ta san abin da ke cikin tukunyarsa ba. Kullum za ka gan ta da ƙwarya a ka, an rufe da faifai, tana ratsa lungu.

A bayan gidanmu akwai filin Alhaji Mamman, mai sayen hatsi da kaka ya ajiye. Yana da rufewa manya-manya a jere, wato rumbun ƙasa wanda ake zuba tsabar dawa ta sama, a liƙe bakin da laka, a kifa masa jinka. A kan duwatsu ake gina su don gudun danshi da gara, sai ya zama akwai ɗan sarari a ƙarƙashi, inda kajin unguwa da zabi ke shiga su yi ƙwai. Da yunwa ta tsananta Alhaji ya sa mutanensa su riƙa wuni a gindin tsamiyar da ke wurin suna gadi. Wata rana Iya ta yafa gyale ta same shi a ƙofar gidansa, ina jin su ta kan danga.

"Alhaji, ka buɗe guda ɗaya saboda Allah. Masu jego sun bushe, jarirai na tafiya."

"Iya, ai na riga na gama magana da mutanen Funtua, motarsu nake jira. Ki yi haƙuri, harkar hatsi ba ta mata ba ce."

"To, na ji," in ji ta. Ta juyo gida.

Ba a daɗe ba kunu ya fara shigo mini ɗaki. Kunun dawa mai kauri, da zafinsa, safe da yamma. Na sha, na yi gumi, nono ya dawo kamar an buɗe famfo. Haka gidan liman, haka gidan maƙera, haka duk inda aka yi haihuwa. Kowace ta ɗauka wani mai hali ne ke ba Iya sadaka ta raba a ɓoye. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambaye ta daga ina. Ta watso mini harara.

"Ki sha ki ba yaro nono. Ke alƙali ce?"

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, da hantsi, rana tsaka, a gaban masu gadi, Iya take wucewa da ƙwaryarta wai za ta kwaso ƙwan kajinmu. Ta rarrafa ƙarƙashin rufewar da ke can ƙurya, ta jima, ta fito ta kakkaɓe zane, ta aza ƙwarya a ka. Su kuwa suna zaune suna dara.

"Sannu Iya, an samu ƙwan?"

"An samu abin da Allah ya hore."

Kun ga ko ƙarya ba ta yi musu ba. Kuma a garinmu, a wancan zamani, namiji mai mutunci ba ya ɗaga faifan da ke kan ƙwaryar mace. Abin kunya ne, balle ta ungozoma, wadda ba ka san abin da ta ɗauko daga ɗakin haihuwa ba. An sa ƙarti gadin ɓarawo, su kuma a kansu ɓarawo ƙato ne mai tsani da igiya, wanda zai hau ta sama ya fasa baki. Tsohuwa da ƙwarya ba ta cikin abin da idonsu ke gani.

Motar Funtua ta zo ana tsakiyar noma. Wanda ke hawa ya buɗe wa Alhaji rufewa, ya kuma liƙe, wani ne Ɗanjuma, ƙaƙƙarfan mutum mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana. Da ƙuruciyarsa ya taɓa ɗaukar keken wani aka ɗaure shi, ya fito ya tuba, ya yi aure, yana cin guminsa. Amma kun san mutane, sunan bai bar shi ba. Shi ya hau ranar, ya fasa lakar da ya liƙa da hannunsa, ya leƙa, ya ɗago kai da mamaki ya ce wa Alhaji dawa fa ta sauka sosai. Da bakinsa ya faɗa, bawan Allah! Kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa an yanke hukunci. Liƙi bai taɓu ba, to wa ya iya buɗewa ya mayar ba a gane ba in ba wanda ya liƙa ba? Wa kuma ya taɓa sata a garin? Suka rufe shi da duka, suka ɗaure shi da igiyar shanu, daga gidan mai unguwa aka miƙa shi Malumfashi.

Iya ba ta gari ranar, an kira ta karɓar haihuwa a wata ruga. Da ta dawo da la'asar ta tarar da Lami, matar Ɗanjuma, zaune a tsakar gidanmu da tsohon ciki, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Iya ta saurare ta a tsaye, ko ƙwaryar ba ta sauke ba. Ta sa na ba Lami ruwa na raka ta gida. Ina dawowa na ji ta aika a kira babanku daga gona. Ya shiga ɗakinta ya durƙusa, ni kuma na rakuɓe a bakin ƙofa ina jijjiga yaro, ba ta kore ni ba.

"Dawar Alhaji ni na ɗiba," in ji ta. "Gobe zan je in faɗa."

Babanku ya yi dariya, irin wadda mutum ke yi in ya ji abin da kansa ya ƙi ɗauka. Da ya ga fuskarta sai dariyar ta mutu. Ya fara roƙo. Ya ce ta rufa masa asiri, ta rufa wa gidan asiri, Ɗanjuma namiji ne, ya taɓa shiga ya fito, zai iya ɗauka. Ya ce za mu riƙe Lami da abin da ta haifa har ya dawo. Da ya ga ba ta motsa ba sai ya ce to shi ne maigida, abin da mace ta yi a gida maigida ake tambaya, shi zai je ya ce shi ya yi.

"Kai ka yi? To gaya mini ta ina ka ɗiba."

Ya sunkuyar da kai.

"Ka gani. Sata na yi, ban sa mata wani suna ba, Allah na kallona na yi ta, kuma na san abin da zan gaya masa. Amma ban san abin da zan gaya masa ba in aka ɗaure ɗan mutane a kan tuwon da bai ci ba. Tashi ka ba ni wuri, ƙafata na ciwo."

Ni kuwa ina bakin ƙofa da yaro a hannu. Na dubi kumatun yaron da suka fara cikowa, na gane da me suka ciko.

Washegari ta tafi wurin mai unguwa, ina biye da ita. Yana zaune da dattawa a zaure. Ta gaishe su ta faɗi abin da ya kawo ta, dalla-dalla. Wallahi sai da wani tsoho ya riƙe ciki don dariya. Mai unguwa ya share hawaye ya ce tausayi ne ya yi wa Iya yawa.

"Haba Iya! Mace ta saci zane, ta saci ɗan kunne, ta kama kazar maƙwabta, wannan mun sani, mukan kashe shi a nan zaure. Amma fasa rumbu? Tun kakanninmu ba a taɓa ji ba. Je ki huta, Allah ya ba ki ladan niyya."

Ta ce su taso ta nuna musu. Babu wanda ya ko gyara zama. A hanyar gida ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba, tana tafe tana ƙwafa. Ta ce da ni, ita ta karɓi haihuwar rabin waɗanda ke zauren nan, ta san su tun ba su da wando, yau su ne za su gaya mata abin da hannunta zai iya.

Ranar shari'a ta dace da ranar kasuwa, muka hau motar 'yan kasuwa zuwa Malumfashi, muna zaune a kan buhunan barkono ina ta atishawa. Babanku ya ƙi shiga mota da mu, amma muna isa muka gan shi ya jingine kekensa a gindin bishiyar bedi, ya riga mu. Ni ban taɓa shiga ɗakin shari'a ba. Maza cike a kan benci, mu mata aka nuna mana tabarma a bakin ƙofa. Aka shigo da Ɗanjuma da ankwa, ido ɗaya a kumbure, wannan ƙaton mutum ya zama kamar an zare masa laka. Alƙalin dattijo ne mai farin gemu, ba ya ɗaga murya. Aka kira babban mai gadin Alhaji, alƙali ya tambaye shi ko ban da Ɗanjuma akwai wanda ke kusantar rufewar.

"Babu kowa, Allah ya gafarta Malam. Mu muke wuni a wurin. Babu mai zuwa, sai kaji sai Iya."

Aka yi dariya, har da shi mai gadin. A cikin dariyar nan Iya ta dafa kafaɗata ta miƙe. Ta ratsa tsakanin maza da 'yan ƙafafunta, ɗan sanda ya miƙa hannu zai tare ta, ta dube shi sau ɗaya ya janye. Ta durƙusa a gaban alƙali.

"Allah ya gafarta Malam, ni ce Iyar da aka lissafa da kaji. Ni na ɗebi dawar. Wannan yaro bai san komai ba."

Alƙali ya daɗe yana kallonta. Sannan ya fara buɗe mata ƙofofin fita ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana rufewa. Ɗanki ne? A'a. Ɗan'uwanki ne? A'a. Wani ya roƙe ki ki zo? Babu. Ko wani namiji ya sa ki, kina tsoron faɗa? Ta ce mijinta ya daɗe a ƙasa, kuma ko yana raye bai taɓa sa ta abin da ba ta yi niyya ba. Sai alƙali ya tambaya ko akwai namiji daga gidanta. Babanku ya miƙe daga can baya.

"Mahaifiyarka ce? To ka gaya wa shari'a tsakaninka da Allah, lafiyarta ƙalau? Ka san tsufa yakan zo da rikici. In haka ne ka kama hannunta ku tafi gida, babu wanda zai riƙe ta da abin da ta faɗa."

Ku tsaya nan ku dubi babanku da kyau, ku da kuka san shi da sanyin hali. Kalma ɗaya zai faɗa ya tafi da uwarsa gida da mutuncinta, Ɗanjuma kuma ya wuce gidan yari. Kowa a ɗakin ya san abin da ake so ya ce, har gyaɗa masa kai ake yi. Ina hango gumi na bin wuyansa. Iya ko waiwayowa ba ta yi ba, daga inda take durƙushe ta yi magana.

"Faɗi gaskiya. Ni na haife ka."

"Lafiyarta ƙalau, Allah ya gafarta Malam," in ji shi. "Duk gidanmu babu mai hankalinta."

Ya zauna ya rufe fuska da hularsa. Ban taɓa son mutumin nan ba kamar a wannan lokaci, kuma ban taɓa gaya masa ba har ya koma ga Allah.

Duk da haka ba a yarda ba. Alhaji ya miƙe yana cewa ana wasa da hankalinsa, ta ina tsohuwar da ba ta iya hawa turmi za ta hau rufewa? Iya ta ce ita ba ta ce ta hau ba, a ba ta mutum ya bi ta ya gani. Alƙali ya ɗage zama, ya haɗa mu da muhutinsa, wato mataimakinsa, da ɗan sanda guda.

Ranar da aka je, garin kaf ya fito. Maza sun kewaye filin, mata sun jeru a bayan danga ana leƙe ta kafa, yara a kan tsamiya. Maza sai ɗaga kai suke suna kallon saman rufewa. Iya ta miƙo mini gyalenta, ta ɗaure zane tamau, ta ɗauki ƙwarya, ta kwanta rubda ciki a kan kashin kaji, ta sulale tsakanin duwatsu ta wani ɗan sararin da kafaɗar namiji ba za ta taɓa shiga ba. Muka daina ganin komai sai tafin ƙafarta. Wuri ya yi tsit. Can sai muka ji shi: shaaa, ƙarar tsabar dawa tana zuba cikin ƙwarya. Wayyo Allah! Wata mata a bayan danga ta saki salati. Ƙarar ta yi ta tafiya, babu mai tari, sannan ta tsaya cak. Iya ta fito da baya-baya, kanta duk yanar gizo-gizo, ta miƙe a hankali, ta ajiye ƙwaryar a gaban muhuti a buɗe, cike da jar dawa. A ɗaya hannun ga tsumma da ɗanyar laka da take toshe ramin, ga tsohuwar basilla. Ta ce da ita ta huda, tana jiƙa ƙasar da ruwa kaɗan-kaɗan kowace safiya, sai da ta kusa fid da rai sannan ta ji tsaba ta faɗo mata a fuska.

Na dubi fuskokin mazan nan. Mai unguwa baki buɗe. Masu gadi sun rasa inda za su sa ido. Wannan 'yar tsohuwa tana tsaye a tsakiyarsu da kashin kaji a gwiwa, amma wallahi ji na yi kamar duk filin ita kaɗai ce a tsaye. Alhaji ne ya fara samun bakin magana.

"Akwai namiji a bayanta! Mace ba za ta yi wannan dabara ita kaɗai ba."

Da aka koma gaban alƙali a kan wannan ya kafe. Dattawa suka taru a kansa ya yafe, abin kunya ne a ce ya ɗaure tsohuwar da ta yanke wa 'ya'yansa cibiya. Ya ce zai yafe in ta faɗi namijin da ya koya mata, kuma kowa ya san wanda yake nufi, ga shi nan zaune da ankwa. Iya ta ce ba za ta ƙirƙiro namiji don Alhaji ya ji sanyi ba. Sai alƙali ya tambaye ta ina dawar ta tafi, su wa suka ci. Ina kan tabarma da goyo, na ji bakina ya buɗe da kansa, na yunƙura zan miƙe. Ban san yadda ta gani ba, don bayanta ta ba ni.

"Ke! Yaro na kuka, fita ki ba shi nono."

Yaron barcinsa yake yi. Amma na fita, don ba a yi wa Iya gardama. Daga bakin taga na ji sauran.

"Ni na huda, ni na tatsa, ni na niƙa, ni na dama. Waɗanda suka sha ba su san komai ba, wasunsu ma ko haƙori ba su da shi. In akwai ɗauri, ga ni."

Alƙali ya shafa gemu. Da ya buɗe baki a hankali ya yi magana. Ya ce ya daɗe a kan wannan buzu, ya ga masu rantsuwa don su kuɓuta ba iyaka, bai taɓa ganin wanda ya sha wahala haka don a yarda shi ne mai laifi ba. Ya ce mai kaya bai yafe ba, ita kuma ta amsa, hannunsa a ɗaure yake. Ya yanke mata 'yan watanni, mafi ƙarancin abin da zai iya, ya kuma ce kada wanda ya kuskura ya sa mata ƙarfe a hannu. Aka kwance Ɗanjuma. Maimakon ya fita sai ya zube a gabanta yana kuka kamar yaro.

"Tashi, kai kuma, ƙato da kai," in ji ta. "Ni ya kamata in durƙusa maka, dukan da ka sha nawa ne. Ka yafe mini. Je ka gida, matarka ta kusa."

Na raka ta har inda motar gidan yari take. Ta hau da kanta, ta ƙi a kama ta. Abin da ta ce da ni kawai shi ne in kula da kajinta.

Kada ku zaci gari ya yi mata guɗa. Ina! Gidanmu ya koma gidan ɓarauniya. Babanku ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci, don da ya iso sai hira ta mutu. Matan da suka sha kunun nan suka kama bakinsu gum, kowace na tsoron mijinta, wasu ma in mun haɗu a rijiya sai su kau da kai. Ban riƙe su ba, amma ban manta ba. Maza kuwa suka rabu biyu, masu cewa aljanu ne suka shige ta, da masu cewa lalle akwai namiji a ciki. Alhaji har ya mutu yana neman namijin nan. Sun gwammace su yarda da aljani a kan su yarda tsohuwa ta yi tunani, ta yanke shawara, ta aikata a gaban idonsu.

Iya na can Lami ta haihu, mace. Ni da wata tsohuwa muka karɓa, ina yin abin da na ga Iya na yi. Ranar suna da safe maza suka taru a ƙofar gidan Ɗanjuma, ba su da yawa, mu muna ciki muna ji ta zana. Al'ada ita ce uba ya raɗa wa liman sunan a kunne, liman ya yi addu'a, sanƙira ya shelanta. Sai muka ji muryar Ɗanjuma da kansa, mutumin da ba a jin maganarsa, ta cika unguwa.

"Sunanta Hauwa'u. Sunan Iya na sa mata."

Sunan kakarku ke nan, wanda ban taɓa furtawa da bakina ba don kunyar surukuta, yau ga shi na rubuta. Wani daga cikin dattawa ya yi gyaran murya ya ce wace Iyar, ai Iya da yawa a gari, yana ba shi hanya ya gyara.

"Iya ta gidan yari," in ji Ɗanjuma. "Sanƙira, faɗa da ƙarfi, na can baya ba su ji ba."

Ranar ziyara na goya wanku na tafi. Ɓangaren mata ɗaki ɗaya ne da ɗan tsakar gida, su kaɗan ne a ciki, har ma'aikaciyar da ke tsaronsu Iya take ce mata. Ta rame, amma idon nan na nan. Ta karɓi yaro ta juya shi ta duba, ta ce ban iya yanke farce ba. Sannan na gaya mata Lami ta sauka lafiya, na gaya mata sunan, da yadda aka faɗe shi. Matar da ba ta yi hawaye a gaban mai unguwa ba, ba ta yi a gaban alƙali ba, ba ta yi a bakin mota ba, sai na ga haɓarta na rawa. Ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na motsi, ni kuma na sunkuyar da kai don kada ta san na gani. Ta daɗe a haka. Da ta juyo ta share fuska da bakin zane, ta ja hanci.

"Wa ya yanke cibiyar?"

"Ni ce, Iya."

"Ke? Innalillahi. To ki koma yau ɗin nan, ki ce wa Lami ta riƙa gasa wa takwarata cibiya safe da yamma, kafin in fito in ga ɓarnar da kika yi."